Abin da Ke Tsallake Bazara: Tarihin Shukar Tsakar Gida a Arewacin Kano

Duk shekara, da zarar hunturu ya ɗaga, sai a ga motocin da ke fitowa daga birni zuwa Dambatta, Bichi ko Minjibir ɗauke da 'yan furanni a cikin baƙar leda. Masu sababbin gidaje ne suka saya a bakin titi don su jera a baranda. Mu ma mun saya. Mako biyu na farko abin gwanin sha'awa. Kafin watan Afrilu ya raba, ganye ya yi yaushi, gefensa ya ƙone, duk da ruwan da ake ɗura musu safe da rana. Kafin ruwan farko ya sauka, ba abin da ya rage sai tukunyar roba da busasshen tsinke.

A gidan maƙwabta kuwa, inda ba a taɓa sayen fure ba, akwai lalle a bayan ɗaki da ya girmi yawancin mutanen gidan. Akwai zogale a bakin rariya, ga ɗoɗɗoya a gindin randa. Ba wanda ya taɓa sayo musu jarkar ruwa, amma duk shekara suna ganin bayan bazara. Bambancin gidajen nan biyu yana da tarihi, kuma tarihin namu ne.

Ƙasa mai cike da mutane

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Gezawa da Minjibir, har can Bichi, Dambatta da Makoda, ta daɗe a cikin jerin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Ruwan sama yana sauka ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Sauran watanni bakwai zuwa takwas babu ko ɗigo. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai digiri 40, wani lokacin ya haura. Ƙasar arewacin jihar kuma jigawa ce mai rairayi, ruwa na shiga yake wucewa. Duk abin da ke da rai a wannan ƙasa sai ya san yadda zai yi da waɗannan watanni uku.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya taso daga Katsina ya biyo ta wajen Bichi, ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851, a tsakiyar rani ya ratsa ƙasarmu. Duk da haka abin da ya rubuta a kanta bayanin ƙasa ce mai albarka, mai yawan ƙauyuka da gonaki da manyan itatuwa a tsakiyar gonakin. Itatuwan da ya gani ba ragowar daji ba ne da gatari ya manta. Kowace kuka, ɗorawa, tsamiya ko kanya tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani masanin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya zo ya auna abin da Barth ya gani da ido. A 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a kan ƙasa da mutanen wannan yanki. Sun tarar ana noma sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba a barin saura ta huta. A ilmin noma na wancan lokaci, ƙasa irin wannan ya kamata a ce ta mutu. Abin da ya raya ta shi ne taki. Awaki da tumaki suna kan turke duk damina, ana kai musu ciyawa, ana tara kashinsu da toka da sharar gida. Jakuna kan shiga birni da itacen girki, su dawo da mangala cike da takin birni. Mortimore ya ci gaba da bibiyar yankin shekaru da dama, musamman ƙauyen Tumbau da ke arewa maso gabashin birni. Wani bincike da shi da abokansa na Jami'ar Bayero suka wallafa a 1990 a kan itacen girki a Kano ya nuna abin da ya ba masu hasashen kwararowar hamada mamaki: gonakin da ke kusa da birni, inda mutane suka fi yawa, ba su rasa itatuwansu ba. Ana samun kimanin bishiya 12 zuwa 15 a kowace hekta. Manomi kan sassare reshe ya sayar, ya bar gindin.

Mun kawo wannan ne don a gane irin mutanen da suka gina tsakar gidan da muka tashi a ciki. Mutane ne da ƙarancin fili ya koya wa cewa ba abin da ake zubarwa. Yadda suka ɗauki toka da kashin akuya, haka suka ɗauki ruwa.

Lissafin guga

Kafin burtsatse da fanfon tuƙa-tuƙa, duk ɗigon ruwan da ya shigo gida a bazara da guga aka jawo shi, aka ɗauko shi a tulu. Rijiyoyi kan ja baya a Afrilu, wasu su ƙafe, a koma tonon yashi a cikin rafi. A irin wannan hali babu uwar gidan da za ta ɗebi ruwa mai kyau ta zuba wa shuka. Abin da iyayenmu mata suka yi shi ne su kai shukar inda ruwa ya riga ya saba zuba.

Mai karatu, ka tuna tsarin tsohon gidanku. A bakin rariyar da ruwan wanka ke fita, nan gwanda ko zogale yake. Inda maigida ke alwala sau biyar a rana, nan aka kafa lemun tsami ko rumman. A gindin randa, inda yashi ba ya rabuwa da laima saboda tsatsafar tukunyar ƙasa, nan ɗoɗɗoya da na'ana'a suke. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ƙwarya suna da gindin da ake watsa su. Ruwa ɗaya ya yi aiki biyu, wani lokacin uku. Wannan sanyin da tukunyar ƙasa ke bayarwa idan ruwa na tsatsafowa yana bushewa, shi ne malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da shi ya haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kakanninmu mata sun daɗe da sanin cewa gindin randa shi ne wuri mafi sanyi a gida.

Bayan ruwa sai inuwa. Ana dasa ƙaramar shuka a gabashin ɗaki ko katanga, don ta sami ranar safe, ginin ya tare mata ranar la'asar wadda ita ce mai ƙuna. Inda babu gini, sai a kafa mata guntun zana ko tsohon asabari. Ana yi wa gindinta ɗan kwari kamar akushi don ruwa ya tsaya ya nutse, a rufe da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laimar. Da yake rufin yakan jawo gara, sai a barbaɗa toka. Ban-ruwa kuwa da asuba ne ko bayan la'asar sakaliya. Idan yaro ya ɗauki buta da tsakar rana zai zuba wa shuka, tsawa zai sha, a ce masa zai dafa ta. Akwai kuma doka guda da ba a karyawa: ba a dashe a bazara. Ana jira sai damina ta zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, don saiwa ta sami watanni tana nutsawa kafin zafi ya dawo.

Abokin gaba na uku, bayan rana da ƙishi, ita ce akuya. Da an kawar da amfanin gona ake sakin dabbobi, kuma a bazara duk wani kore abinci ne. Daga nan aka sami garka, ɗan fili da ake kewayewa da darni ko ƙaya a bayan gida, inda ake sa rogo, barkono, taba ko lalle. Mafi dabara shi ne shinge mai rai. Aguwa da bini-da-zugu dabba ba ta cin su, dashi kuwa reshensa kawai ake yankowa a kafa ya kama. Waɗannan ba sa neman ban-ruwa. Suna zubar da ganye su yi likimo har ruwa ya sauka.

Mu da fure

Bahaushe ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Karin maganar ta nuna yadda manomi ke kallon fure: alkawari ne, sai an ga 'ya'ya ake yarda da shi. Wanda ke jawo ruwa daga rijiya mai gaba goma ba zai shayar da abin da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi ba. Shi ya sa kusan duk abin da ke tsakar gidanmu yana da aiki. Zogale na kwaɗo ne da miya, ɗoɗɗoya ta ƙamshin miya ce da maganin ciki, soso na wanka ne, duma na ƙwarya da ludayi.

Amma kuskure ne a ce ba mu san daɗin fure ba. Lalle shi ne shaida. Ganyensa ake nema don ƙunshi, ana kuma sayar da shi, har akan jera shi a kan iyakar gona a ƙauyukan da ke kewaye da birni. To amma duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin da lalle ya yi fure ya san ƙamshin da ƙananan fararen furanninsa ke saki da dare. Lalle yana da jimirin fari. Idan aka yanke shi aka ɗebi ganyen, ya rage abin da zai shayar, sai ya jira damina ya sake tofowa da ƙarfi.

Sannan ƙasarmu tana da nata furannin na rani, waɗanda ba sa jiran kowa. Gurjiya kan yi jan fure a kan rassa tsirara. Minjirya, wadda ake sawa a shinge, haka take. Ɗorawa kan rataye jajayen furanninta masu kama da tuntu kafin zafi ya tsananta, sannan ta ba da garin ɗorawa da kalwar daddawa a daidai lokacin da rumbu ya fara sauka. Akwai kuma kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda sunanta ya yi kusa da ƙaryar karin maganar can. Tana tara ruwa a gindinta, ta zubar da ganye, ta yi fure a tsakiyar rani. Yau ita ce ake renonta a tukwane a ƙasashen Asiya da Turai ana sayarwa da tsada, alhali a wurinmu tsiron daji ce. Sai dai ruwan jikinta guba ne, dole a nisanta ta da yara da dabbobi.

Gawo kuwa nasa tsarin daban yake. Yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, sannan ya yi kore shar a rani lokacin da kowa ya bushe. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a bazara, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa kuma suna bar wa gona taki. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau.

Lambun Bature da darbejiya

Fure don kallo kawai ya shigo ne da Turawa, bayan sun ci Kano a 1903. A unguwanninsu na Nasarawa da Bompai suka gina gidaje masu faɗin baranda, suka kewaye su da furannin da aka kawo daga wasu ƙasashe masu zafi. Kalmar fulawa da muke kiran furen ado da ita daga bakinsu muka ɗauka, haka ma gadina, wato mutumin da aikinsa ke nan ya yini yana ban-ruwa. Wannan shi ne sirrin lambun Bature: akwai wanda ake biya ya ɗebo ruwa. Daga baya salon ya bi gidajen ma'aikata, ofisoshin En'e da makarantu ya shigo karkara. Da yawanmu da muka yi firamare bayan shirin ilmi kyauta na 1976 mun tuna furannin gaban ofishin hedimasta, da duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa, da gwangwanin ruwan da kowane ɗalibi zai zo da shi da safe. Da an tafi hutu furannin ke mutuwa, a dawo a sake dasawa.

A cikin baƙin da suka zo a wancan zamani, ɗaya ce ta zama 'yar gida. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga Indiya da ƙasashen da ke kusa da ita ne, kuma an fara dasa ta a Barno a ƙarshen shekarun 1920. Ta karɓu ne domin ta cika sharuɗɗan da kakanninmu suka gindaya wa kowace shuka. Ban-ruwan shekara ɗaya ko biyu take buƙata, daga nan ta tsaya da ƙafarta. Tana da ganye a bazara, tana ba da inuwa, itace da magani. Yau da wuya a sami ƙofar gida ko kasuwa a arewacin Kano da babu ita, har yara na zaton tun fil azal take nan.

Fari da madatsun ruwa

Wannan ilmi ba a cikin jin daɗi aka tara shi ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta zo ne jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, mutane sun raja'a a kan gyaɗa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 har yanzu akwai masu ba da labarinsu da bakinsu. A irin waɗannan shekaru, ganyen zogale, kuka, tafasa da 'ya'yan itatuwa su ne suka riƙe gidaje da yawa kafin sabon hatsi. Wanda ya raya bishiya a bazarar da ta wuce, ita ta raya 'ya'yansa a wadda ta biyo.

Gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta amsa matsalar da gina madatsun ruwa. Tiga da ke kudu ita ce babba, amma shirin ya kai arewa, ko da yake wasu an kammala su ne bayan saukarsa: Tomas a wajen Dambatta, Watari a Bagwai, Gari a wajen Kunchi, da ta kogin Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Noman rani, wanda a da aikin 'yan lambu ne masu jigo a bakin fadama, ya faɗaɗa. Daga shekarun 1980 ƙananan injinan ban-ruwa suka kori jigo. An kuma dasa jerin itatuwan kare iska a wajen Dambatta, yawancinsu turare. A nan ma an koyi darasi, domin masu bincike sun gano saiwar turare tana shiga gonakin da ke gefe tana ƙwace wa gero laima, sai an haƙa rami an datse ta.

A ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a farkon shekarun 1980 cewa yawancin itatuwan da ake renowa a leda a dasa mutuwa suke, alhali kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, saiwarsu na can ƙasa. Sai aka koma renon tohon da ke fitowa daga kututture, abin da manoman can ke kira sassaben zamani. Miliyoyin hekta sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Manomin Kano da ya ji labarin zai ce ai abin da ubansa ke yi ke nan.

Inda muke yau

Yanzu ruwa ya fi sauƙin samu a garuruwa da yawa. Akwai burtsatse mai aiki da hasken rana, akwai 'yan garuwa da kurarsu. Amma tsakar gidan ta canza. Gado ya rarraba filaye, gidan da a da yake da garka yanzu an yanka shi uku. Mun daɓe tsakar gida da siminti, mun rufe ɗaki da kwano, mun kewaye da bulo. Siminti yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, ruwan wanka kuma ya bi bututu ya fita titi ya zama kwata. Bishiyar da ke tsakiya mun sare ta don tana zubar da ganye ko tana fasa daɓe. Sannan muka sayo fure a baƙar leda, wadda ke zafafa har ta dafa saiwa, muka ajiye shi a kan simintin, a watan da kakanninmu suka hana dashe. Da ya mutu muka ce ba mu da hannun shuka.

Irin wannan kuskure ake maimaitawa a babban mataki. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto. Tambayar da tsohuwar ƙauye za ta fara yi ita ce, wa zai ba su ruwa a watan Afrilu, wa kuma zai kare su daga akuya? Bishiyar da ba ta da mai ita ba ta cika ganin damina ta biyu ba.

Ba muna cewa a bar son fure ba ne. Gida mai fure ya fi daɗin zama, kuma wanda ya wuni a zafin Kano ya cancanci ya dawo ya tarar da abin da zai sanyaya masa ido. Abin da muke cewa shi ne a yi wa furen irin hidimar da aka yi wa lalle. A jira damina kafin a dasa. A sa shi a tukunyar ƙasa ta maginan garinmu, ko a bar masa gurbi a ƙasa lokacin da ake daɓe. A ajiye shi inda ginin zai tare masa ranar yamma, a ɗaga tukunyar daga kan siminti mai zafi. A ba shi ruwa ya ƙoshi da asuba ko da yamma maimakon yayyafi sau biyar, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. A rufe gindinsa. A juya masa ruwan alwala da na wankin shinkafa, amma ban da ruwan omo, wanda gishirinsa ke taruwa ya kashe ƙasa. Kada a zuba masa ɗanyen taki a bazara, sai wanda ya ruɓe. Kafin a sayi baƙon fure kuma, a fara tambaya ko maƙwabta suna da reshen lalle, minjirya ko rumman da za su sammana.

Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna nan a Kunchi da Tsanyawa da Gabasawa, amma suna raguwa, kuma ba a rubuce ilmin yake ba. Idan mun je gida hutun nan, mu zauna kusa da Inna ko Iya mu tambaye ta dalilin da ya sa lemun tsamin gidan yake inda yake, da wanda ya dasa shi, da yadda aka yi ya tsallake farin da ya kashe na maƙwabta. Allah ya kai mu damina lafiya.